Gani Ya Kori Ji? Lacca A Kan Haɗa Tafintan Sauti Da Kwamfuta



Da takardar gayyata ta iso mana, aka ce mu yi magana a kan yadda ake haɗa wata 'yar na'ura da kwamfuta domin a ji kiɗa da waƙa tangaram, sai da muka yi jim. Tsoronmu shi ne kada a ce mun tara mutanen da jarrabawa ke gabansu a kan abin wasa. Amma da muka sake nazari sai muka ga akwai abubuwa uku a cikin zancen waɗanda ba na wasa ba ne. Akwai kuɗi, domin ɗalibi da guzurinsa zai saya, ƙaramin ma'aikaci kuwa da albashinsa. Akwai lafiyar kunne, wadda in ta tafi ba ta dawowa. Akwai kuma muryoyin magabata da ke kwance cikin tsofaffin kaset a ɗakunan iyayenmu. A kan waɗannan uku za mu gina bayaninmu.

Bari mu fara da tona asirin kanmu. Lokacin da muka fara sayen irin wannan na'ura, mun haɗa ta, muka samo waƙoƙi masu manyan lambobi, muka yi watanni muna kiran abokai su zo su ji abin mamaki. Kowa ya ji sai ya kaɗa kai ya ce lalle kuɗi sun yi aikinsu. Ran nan wani ƙaninmu mai karatun injiniya ya leƙa fuskar na'urar ya ce, "Yaya, ai wannan 48 take nunawa, ba 192 ba." Ashe duk tsawon lokacin nan kwamfuta tana rage lambar kafin ta miƙa, mu kuwa muna ta yabon abin da bai taɓa isowa kunnenmu ba. Rubutun jikin kwali muka gani, sai kunne ya bi ido. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to, a wannan fage kam ji ne ya kamata ya kori gani.

Mene Ne Tafintan Sauti?

Sauti dai girgizar iska ce. In makaɗi ya bugi kalangu, fatar ta girgiza, sai ta girgiza iskar da ke kusa da ita, har girgizar ta iso dodon kunne. Makirfo yakan karɓi wannan girgiza ya mai da ita igiyar lantarki mai hawa da sauka. Ita kuwa kwamfuta ba ta san hawa da sauka ba, lissafi kaɗai ta sani. Saboda haka sai a riƙa auna tsayin igiyar nan sau dubbai a kowace daƙiƙa, ana rubuta kowane awo da lamba. Tarin waɗannan lambobi shi ne fayil ɗin waƙa.

To, lasifika ba ta jin harshen lambobi. Tilas a sami wanda zai tsaya tsakani ya mai da lambobin igiyar lantarki kamar yadda suke da fari. Wannan shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira DAC, mu kuwa a wannan lacca za mu kira shi tafinta, domin aikinsa ke nan. Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Duk kwamfutar da ke da ramin sa abin kunne tana da tafinta a cikinta, haka ma wayar da ke aljihunka. Dalilin sayen na waje uku ne: na cikin kwamfuta yana zaune ne a tsakiyar hayaniyar lantarkin sauran kayan ciki, har wani lokaci akan ji tsuwwa in an motsa linzami, sau da yawa ba shi da ƙarfin tura babban abin kunne, kuma wani ba ya karɓar manyan lambobi. Wanda bai gamu da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, ya riƙe kuɗinsa.

Lambobi Biyu Na Jikin Kwali

A jikin kowane tafinta za ku ga lambobi biyu, alal misali 16 da 44.1, ko 24 da 96, ko 24 da 192. Wanda ya fahimce su, ba mai yi masa cinikin biri a sama.

Lamba ta biyu ita ce yawan awo a daƙiƙa, a lissafin dubbai. Masana biyu na ɗakin binciken Bell a Amurka, Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949, sun kafa ƙa'idar da komai ya doru a kanta: muddin yawan awo ya haura ninki biyu na girgiza mafi tsini da ke cikin sautin, to za a iya dawo da sautin nan cif, ba kusan-kusan ba. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa wajen sau 20,000 a daƙiƙa, kuma wannan iyaka ta sama raguwa take yi da shekaru. Shi ya sa da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, suka tsayar da awo 44,100, watau abin da zai ɗauki girgiza har zuwa 22,050. Awo 96,000 yana kaiwa 48,000, awo 192,000 kuma yana kaiwa 96,000. Waɗannan wurare ne da jemage ke ji, ɗan Adam ba ya ji.

Lamba ta farko kuwa, wadda ake kira bit, ita ce yawan matakan ma'aunin. Bit 16 matakai 65,536 ne, bit 24 kuwa matakai 16,777,216. Amfaninsu shi ne faɗin tazara tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Kowane bit yana ba da kamar desibel 6, saboda haka bit 16 na da wajen desibel 96, bit 24 na da wajen 144. Ku kwatanta: ɗaki mai shiru da tsakar dare yana da hayaniyar kansa ta wajen desibel 30. In aka ɗora 96 a kai an kai 126, inda kunne ke fara ciwo. Ashe ke nan faifan 1982 ma ya riga ya mamaye tazarar da ke tsakanin shiru da azaba. Bit 24 ya fi amfani ga mai ɗaukar sauti, domin yana ba shi sarari ya yi kuskure ya gyara ba tare da ɓarna ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a yankin Boston. Sukan kunna faifai mai manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci su bi da shi ta na'urar da ke rage shi zuwa matsayin CD, mai sauraro bai san wanne ake kunnawa ba. Cikin gwaji 554 an dace sau 276, watau rabi, daidai da abin da mai canki-canka zai samu. An soki aikin nasu da cewa wasu faya-fayan da suka yi amfani da su ba su da abin da ya wuce na CD tun asali. A 2016 kuma Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18, waɗanda a cikinsu aka yi gwaji sau fiye da 12,000, ya tarar ana dacewa kashi 52 da 'yan kai cikin ɗari, waɗanda aka horar kuwa sukan kai wajen kashi 60. Taƙaicen zance, bambanci in akwai shi siriri ne ƙwarai, ba kamar dare da rana ba yadda masu talla ke faɗi.

Kasuwa ma ta koya darasi. A 2014 mawaƙin nan ɗan Kanada, Neil Young, ya tara fiye da dala miliyan 6 daga hannun jama'a domin na'urarsa Pono, amma zuwa 2017 an daina yin ta. Haka tsarin MQA na wani kamfanin Ingila, wanda mutane suka biya ƙarin kuɗi don samun tambarinsa a jikin tafintocinsu: kamfanin ya durƙushe a 2023, manhajar Tidal kuma ta bar tsarin a 2024. Saboda haka kada ku sayi tambari.

Abin da ya fi tasiri a kan daɗin sauti, bi da bi, shi ne: kyawun ɗaukar asali da yadda aka tace ta, sai lasifika ko abin kunne, sai ɗakin da ake saurare, kana tafinta ya zo. Mai naira goma ta kashewa, ya sa bakwai a kan abin kunne ko lasifika.

Matakan Haɗawa

Duk da haka, wanda ya saya ya cancanci ya sami abin da ya biya. Ga matakan.

Na farko, zaɓe. A duba ko tafintan yana bin ƙa'idar sauti ta USB aji na biyu, domin aji na ɗaya bai wuce 24 da 96 ba. A fi son mai riƙe da agogon kansa, wanda shi ke gaya wa kwamfuta saurin da za ta turo lambobi. A nemi mai fuska ko fitila da ke nuna lambar da yake karɓa, domin ita ce shaidarku. A kuma dubi abin kunnen da za a sa masa: mai om 32 kowane ƙaramin tafinta zai tura shi, mai om 250 ko 300 kuwa yana son amfilifaya mai ƙarfi.

Na biyu, waya. A sa ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta cikin marabar nan mai ramuka da yawa ba. Gajeriyar waya mai lafiya ta isa. Wayar USB mai tsada ba ta ƙara wa lamba daɗi, bakwai bakwai ce ko ta wace waya ta bi. Sai dai a kula, akwai wayoyin da caji kaɗai suke yi, ba sa ɗaukar bayani. In kwamfuta ta ƙi ganin tafinta, a fara da canza waya.

Na uku, direba, watau 'yar manhajar da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta. Mac da Linux sun daɗe suna gane aji na biyu da kansu. Windows 10 ta soma yin haka a 2017, Windows 11 kuma ta gaje ta. In kamfanin da ya ƙera tafintan yana da nasa direba, a ɗauko shi daga wurin kamfanin, ba daga hannun ɗan tsakani ba.

Na huɗu, saitin kwamfuta, kuma a nan ne mu muka faɗa rami. Windows tana da wani mahaɗi da ke tattara duk sautin da ke tashi, na waƙa da na bidiyo da ƙarar shigowar saƙo, ya mai da su lamba guda, galibi 48,000, kana ya miƙa wa tafinta. A shiga saitin sauti, a zaɓi tafintan, a buɗe shafin da aka rubuta wa Advanced. A can za a ga inda ake zaɓen lambobi, a sa bit 24 tare da awon da yawancin waƙoƙinku ke da shi, wanda galibi 44,100 ne. Sa shi a 192,000 ba ya ƙara wa waƙar CD komai. A ƙarƙashin wannan akwai akwatuna biyu na ba manhaja izinin mallakar na'ura ita kaɗai, a yi musu alama. A kashe duk wasu kayan ƙawata sauti da kwamfuta ta zo da su. Mai Mac kuwa ya buɗe Audio MIDI Setup, a can ake sa lambar.

Na biyar, manhajar kunnawa. A nemi wadda ta iya kewaye mahaɗin nan ta miƙa lambobi ga tafinta yadda suke. A Windows hanyoyin biyu ne: WASAPI a yanayin keɓewa, wadda ta zo tare da Windows Vista, ko ASIO ta kamfanin Steinberg na Jamus. Manhajar foobar2000 kyauta ce, kuma ta iya duka biyun. A Mac akwai irin su Audirvana da ke canza lambar da kansu. Alamar nasara guda ce: ku kunna waƙa mai 44.1, fuskar tafinta ta nuna 44.1, ku koma mai 96, ta nuna 96. Ku sani kuma, a yanayin keɓewa sauran manhajoji za su yi shiru, kada a zaci lalacewa ce.

Na shida, fayil ɗin kansa. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, yana zubar da wani ɓangare na sauti domin ya rage nauyi. FLAC kuwa, wanda ya fito a 2001, matsewa yake yi ba tare da ya zubar da komai ba. Amma mai da MP3 zuwa FLAC kamar juye moɗa ɗaya ta ruwa ce cikin randa, mazubi ya girma, ruwan bai ƙaru ba. Akwai masu sayar da irin wannan. Wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna Spek tana zana hoton sauti, in kuka ga an yanke shi ƙat a wajen 16,000, asalinsa MP3 ne, in a wajen 22,000 ne, asalinsa CD, komai lambar da aka rubuta masa. Ku kuma yi lissafin data: minti ɗaya na MP3 mafi kyau megabait 2.4 ne, na CD wajen 10 da rabi, na 24 da 192 kuwa wajen 69 kafin a matse. Apple Music ta soma ba da irin wannan a 2021, amma mai sauraro da datar wata-wata ya yi tunani.

Na bakwai, gwada kai. Ka sa abokin ɗakinka ya riƙa canza fayil biyu na waƙa ɗaya, ƙarfin muryarsu daidai wa daida, kai kana juya baya. In ka ci tara cikin goma, kunnenka na ji. In biyar ka ci, ka huta da sayen manyan fayiloli, ba kuwa abin kunya ba ne.

Matsalolin Da Akan Gamu Da Su

Mafi yawa a wurinmu shi ne gurnani daga lasifika. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce ke kutsowa in kwamfuta da amfilifaya suna kan soket dabam-dabam, ko in caja ba ta da kyau, balle a kan janareta. Gwajin mai sauƙi ne: a zare caja, kwamfuta ta koma kan batir. In gurnani ya ɗauke, an kama ɓarawo. Magani shi ne a haɗa kayan a soket guda, ko a canza caja, ko a yi amfani da wayar haske ta Toslink in kwamfutar na da raminta, domin haske ba ya ɗauko dattin lantarki. Kada a kuskura a karya ƙafa ta uku ta filogi, ita ce mai kare rai. In an ɗauke wuta a zare kaya kafin a dawo da ita. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce ta farkon kashewa.

In sauti na tsinkewa ko yana ƙas-ƙas, a canza ramin USB, a hana kwamfuta kashe ramukan don tanadin batir, a ƙara girman ma'ajin wucin gadi a cikin manhaja. Sai kuma Bluetooth. Duk wanda ya yi wannan wahala kana ya saurara ta Bluetooth ya yi aikin baban giwa, domin hanyoyinta na yau da kullum matse sauti suke yi su zubar. Ko LDAC ta Sony ba ta wuce bit 990,000 a daƙiƙa ba, alhali CD kaɗai yana son 1,411,200, kuma tafintan da ke aiki a lokacin na cikin abin kunnen ne, ba wanda ka saya ba.

Kunne Ba Shi Da Safaya

Jama'a, a nan muke roƙon ku ba mu hankalinku. Sauti mai tsabta yana da yaudara, ba ya ƙara a kunne, sai mutum ya yi ta ƙara murya bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Ƙiyasinta ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, in an kai desibel 90 kuwa awa 4 kacal. Ƙananan gasun da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kafin ka sa abin kunne, musamman a yanayin keɓewa inda wasu na'urori kan buɗe murya gaba ɗaya, ka mai da maɓallin ƙasa tukuna. In ka cire ka ji kunnenka na tsuwwa, gargaɗi ne. Me ya yi saura na 192 ga wanda ya kashe kunnensa tun yana aji biyu?

Inda Manyan Lambobi Suke Da Rana

Mun yi alkawarin komowa kan bit 24. A gidajenmu akwai kaset na Alhaji Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015. Waɗannan ma sun yi sa'a, sanannu ne. Akwai makaɗan noma da na ƙauye, da tatsuniyar kaka, da hirar wani dattijo, waɗanda wataƙila kaset ɗaya ne ya rage a duniya. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura da damshi suna cinsa kullum, rediyoyin da ke juya shi kuma suna ƙarewa.

Tafinta mai tsada ba zai ƙara wa waɗannan kaset abin da ba a ɗauka ba. Amma akwai ɗan'uwansa mai aikin komawa baya, mai mai da igiyar lantarki lambobi, kuma akwai akwatunan da ke yin duka biyun. A nan manyan lambobi suke da rana, domin wataƙila juyi ɗaya ya rage wa zaren. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar bit 24 da awon da bai gaza 48,000 ba, ta kuma fi son 96,000. A goge kan rediyo da auduga da sifirit, a haɗa ta da waya, a ɗauka da manhajar Audacity ta kyauta, a bar sarari kada murya ta bugi rufi. A ajiye kwafin asali a WAV ko FLAC ba tare da gyara ba, a wurare biyu ko uku, a rubuta sunan mai murya da gari da shekara in an sani. Na rabawa ga dangi sai a yi shi MP3. Adanawa dabam, sayarwa dabam, domin magadan mawaƙi suna da hakki.

Kammalawa

Shugaban taro, abin da muke so a tafi da shi kaɗan ne. A san ma'anar lambobi kafin a fid da kuɗi. A duba fuskar tafinta, kada a yi irin tamu. A rage murya. Sa'an nan muna ba ƙungiya shawara, hutun da ke tafe kowane ɗalibi ya binciki akwatin mahaifinsa ya zo da kaset ɗaya, a haɗa kuɗi a sayi na'ura guda ta kowa da kowa, 'yan sashen injiniya su riƙe waya, 'yan sashen harsuna su riƙe alƙalami. In an yi haka, zaman nan namu bai tashi a banza ba.

 Mai tambaya, ga fili.